Sunan Wa Ya Ci?

Ranar da Baba Uwaisu wanzami ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce ba zai yi wa ɗana kaciya ba, saura ƙiris in manta da furfurarsa.

Yara biyar aka tara a zauren gidanmu a Lakwaya. An yi wa huɗu, aka zo kan nawa. Tsohon yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a kanta: ba ya taɓa yaro sai ya ji sunansa na yanka.

"Mahbub," na ce.

"Wannan na gida ne. Na yanka nake tambaya."

"Ubaidullahi."

"Sunan wa ya ci?"

"Na kawunsa, wan mahaifiyarsa. Ya rasu tun yana yaro, can Kabo."

Tsohon ya jawo Mahbub, ya shafa gwiwarsa ta dama da ke kumbure, ya duba wuraren da jini ya kwanta a ƙaurinsa. Ya tambayi yadda aka yi lokacin da ya yi famfara. Na ce kwana uku ya yi yana tofar da jini, amma ai Gwaggo ta ce jini ne ya yi masa yawa.

"Zailani," in ji shi, "ka kai yaron nan asibiti a Gwarzo a auna jininsa. Ka tafi da uwarsa. In sun ce in yanka, sai in yanka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. An fige zabi, Gwaggo ta dama kunu, ga ɗana shi kaɗai za a bari cikin sa'anninsa. Na bi gari ina cewa hannun tsohon ne ya fara rawa, yake neman abin fakewa. Matata Saudatu kuwa, da na gaya mata, sai kawai ta ɗauko mayafinta.

A ɗakin gwajin jini muka sami Malama Bushira. Ban taɓa ganin mai natsuwarta ba. Ta ɗebi jinin Mahbub a 'yar kwalba, ta ɗebi nawa a wata, ta ajiye su gefe da gefe tana duban agogo. Ba a jima ba nawa ya kama kamar kindirmo. Nasa kuwa yana nan tsululu, ta karkata kwalbar, ya bi ta.

Ta juya wajen Saudatu. "'Yar'uwa, a gidanku akwai namijin da jininsa ya taɓa ƙin tsayawa?"

"Yayana," in ji Saudatu. "Kaciya aka yi masa. Kwana biyu yana zuba. Aka ce baki ne, aka hana mu zancen."

Shekara tara muna tare, sai ranar na ji abin da ya kashe mai sunan ɗana.

Malama Bushira ta ɗebi jinin Saudatu ma, ta tura shi da na Mahbub Kano. Bayan mako biyu sakamako ya dawo, likita ya zaunar da mu. Ya ce cutar rashin daskarewar jini ce, mata ke ɗauke da ita, ta bayyana a 'ya'yansu maza. Ba baki ba ne, kuma ba laifin Saudatu ba ne. Za a yi wa Mahbub kaciya, amma a asibiti, bayan an yi masa allurar abin da jininsa ya rasa. Malama Bushira ta biyo mu har ƙofa, ta ce a kawo mata 'ya'yan ƙannen Saudatu na Kabo, maza da mata.

Da kunya na je wajen Baba Uwaisu. Na same shi a gindin darbejiya yana wasa aska. Bayan mun gaisa na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Amma yaya aka yi ka sani?"

Ya ajiye askar.

"Ni na yi wa Ubaidullahi na farko kaciya," in ji shi. "Wannan hannun. Duk garin maganin da ke zabirata na ƙarar a kansa, jinin bai ji ba. Shi ya sa na baro Kabo. A nan kowa ɗan wane ake tambaya, ba mai tambayar gidan uwa. In na tambaya a ce na cika bin diddigi. Sai nake bi ta suna, ku yi ta dariya."

Hawaye suka zubo mini a gaban mutane, ban damu ba. Shekara talatin tsohon nan yana ɗauke da yaro guda a ƙirjinsa, mu muna kiran abin tsufa.

Ya sa hannu a zabira, ya zaro almakashi ya miƙo mini.

"Ka kai wa Saudatu, da shi za ta riƙa rage masa suma. Wannan Ubaidullahin, in Allah ya yarda, sai ya yi furfura. Kada aska ta taɓa kansa, ko da tawa ce."