Yatsun Ƙiriniya

Aikin hasken leza da aka yi mini a ido don in rabu da tabarau bai ɗauki lokaci ba, gargaɗin likita ne ya yi tsawo. Ya ce ya ɗaga siririyar fatar da ke gaban ƙwayar idon, ya gyara ƙarƙashinta, ya mayar ba ɗinki, da kanta za ta kama. Kada in murza, kada sabulu ya shiga, in riƙa ɗiga magani a kan kari. Yatsa ɗaya ya isa ya gusar da ita, kuma in ta yamutse, ganin da na zo nema na iya lalacewa.

Na ce masa ni ba yarinya ba ce, na iya riƙe hannuna. Ban tuna da hannun wani ba.

Ɗana bai daɗe da yaye ba, Ƙiriniya muke kiransa, kuma ya ci sunan. Tun da ya iya miƙa hannu sana'arsa ɗaya ce, fizge tabarau daga fuskata yana ƙyalƙyala dariya. Da na dawo ba tabarau, sai ya tsaya yana mini kallon baƙuwa, sannan ya kawo yatsa yana laluben kayansa inda ya saba samu. Na kauce. Na sa baƙin gilashin da asibiti suka ba ni, shi ma ya fizge. Na riƙe masa hannaye, ya tsala kukan da ya sa maƙwabciya leƙowa.

Washegari da safe ina ba shi abinci, na juya in ɗauki cokali, sai na ji farce a fatar idona. Mijina ya bar shagonsa a buɗe ya mayar da ni asibiti, ko takalmin kirki ban sa ba. Likita ya daɗe yana haska idon.

"Siririyar fatar ba ta motsa ba," in ji shi. "Wannan karon."

Da rana yayata ta zo. Ba ta ko zauna ba, ta hau cusa kayan yaron a jaka.

"Yaya, bai taɓa kwana ba ni ba."

"Na sani. Ke ma ba ki taɓa kwana ba shi ba, kuma ke na fi ji. 'Yan kwanaki ne. Ido nawa gare ki da za ki ba shi ɗaya ya yi wasa?"

Haushinta ya kama ni, don ta fi ni gaskiya. Na sumbaci ƙeyarsa, nan ne kawai hannunsa ba ya kaiwa, ta saɓa shi a kafaɗa suka sauka.

Na tsaya a taga. Suka wuce mai gyaran babur, suka wuce shagon magani, fuskarsa tana waigen gida. Har kwanar titi ina ganin bakinsa a buɗe, ina ganin hannun nan yana buɗewa yana rufewa. Tausayinsa ya cika ni, hawaye suka zubo, na kai hannayena baya na riƙe ɗaya da ɗaya don kada in share.

A da, in abu ya fi ƙarfina, sai in cire tabarau komai ya dushe in huta. Yanzu babu abin cirewa.