Wayar da Ta Nemi Fuskar Rissa

Tun hantsi Rissa yake safa da marwa tsakanin shagon Haris da bakin kasuwar Belbeji, inda motar dusa ta tsaya. Mai motar ya rantse ana sallame la'asar zai kama hanyar Tanut, kuma ba zai dawo ba sai wata kasuwar. Shanun Rissa kuwa ba za su kai wata kasuwar ba. Bazara ta yi tsawo, biyu sun riga sun kwanta sun ƙi tashi.

Kuɗin dusar na nan, sai dai a cikin waya suke. Ƙanensa da ke aiki a Aljeriya ya turo su ta kirifto, kuɗin nan na intanet da ba a taɓa su da hannu, a asusun da aka buɗe da katin shaidar Rissa. Haris, mai shagon tura kuɗi, ya ce aikin minti biyar ne. Wanda bai san halin waya ba shi ke yarda da minti biyar ɗinta.

"Malam Rissa, kafin su saki kuɗin sai sun ga fuskarka," in ji Haris. "Ka sauke amawalin, ka dubi wayar, ka buɗe baki."

Rissa ya yi tsaye kamar an dasa shi. A kan kujera ɗaya tilo da ke shagon, surukinsa ne zaune, tsoho Agali, wanda ya biyo shi kasuwa don rabin shanun nasa ne. A wajen mutanen Rissa, namiji ba ya buɗe bakinsa daga rawani gaban suruki. Shekara goma sha huɗu da auren Rissa da Fadimata, ƴar Agali, tsohon bai taɓa ganin abin da ke ƙasan idanun Rissa ba. Ya ce wa tsohon ya tashi ya fita kuma? Wannan ya fi wancan muni.

Sai ya karɓi wayar ya zagaya bayan shago. Ya sauke amawali gaban jakuna, wayar ta yi ta juyi, ta ce babu rezo, wato sabis ɗin waya. Ya dawo bakin ƙofa inda rezo yake, ya ja rawanin ƙasa kaɗan, iyakar hanci. Ta ƙi.

"Saura sau ɗaya fa," Haris ya ce, yana share gumi. "In ta sake ƙi, za su rufe asusun kwana uku. Wallahi ba ni da yadda zan yi."

Rissa ya fita, ya leƙa motar, ya dawo. Ya tsuguna, ya miƙe. Tsohon kuwa ko gezau, yana jan carbinsa, don bai fahimci abin da ake ciki ba, kuma ba wanda ya iya gaya masa. Can aka kira la'asar. Buhunan da ke kan motar sun ragu sosai.

Kunya ta kama Rissa har cikin ƙashi, amma kunya ba ta ta da saniya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya warware amawalin har haɓa. Ya dubi wayar, ya juya dama, ya juya hagu, ya buɗe baki kamar yadda ta ce.

Ta yi kore, alamar ta karɓa. Haris ya yi hamdala ya jawo durowar kuɗi.

Carbin ya tsaya. Tsohon ya ga kumatun da suka faɗa, ya ga leɓen da ya tsattsage, ya ga ƙasusuwan muƙamuƙi a fili. Ya kau da kai da sauri, ya dubi Haris, don ba ya magana da mijin ƴarsa kai tsaye.

"Ɗan nan," ya ce, "tambaye shi. Hatsin da yake aiko mini duk Juma'a, yana cewa rara ce, daga bakin wa yake cire shi?"