Bangon da Aka Ƙona

"Cire hannunka daga ƙarƙashin matashina!"

Ina cikin kwashe gurasa daga tanderu na jiyo muryar maƙwabcina, tsoho Psote, ta katanga. Na faɗa gidansa da gari a hannu. Psote na kwance rai a hannun Allah, Uba Kolte, limamin cocinmu, yana tsaye a kansa sai zufa yake. Tun da umarni ya zo daga birni a ƙona duk littafin bisharar da ba ya cikin huɗun da coci ta yarda da su, ƙauyenmu bai huta ba.

"Baba, ka ba da littafin nan a ƙona. In ba haka ba, ba addu'a, ba kabari cikin 'yan'uwa."

"Ni za ka yi wa barazana? Kai da na sha share wa majina?"

Abin haushin, Psote ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba. Marigayiya matarsa Tanub ce ke karanta masa, da mutanensu masu taruwa a gida. Duk sun ƙare, saura shi.

Da Uba ya fita, Psote ya riƙo zanena.

"'Yata, ban san ko gaskiya ce a ciki ba. Muryarta ce a ciki."

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In leƙa gurasa, in leƙa shi, har ta ƙone. Wallahi tausayinsa da tsoron Uba suka raba min zuciya. Kafin rana ta karkata Psote ya cika.

A nan mu mata ne ke barbaɗa wa gawa gishiri mu naɗe ta. Na zaro littafin daga ƙarƙashin matashin, na warware ɗinkinsa, na shimfiɗa takardunsa, irin waɗanda ake yi da ciyawar kogi, a ƙirjinsa, na bi da likkafani ninki kan ninki. Bangon fatar kuwa na cusa masa tsumma, na ɗaure da igiyarsa, na miƙa wa Uba. Ya jefa a tanderuna ba tare da ya buɗe ba.

A bakin kabari ya ɗora tafinsa a ƙirjin Psote zai sa albarka. Takarda ta yi ƙaras. Na ji, shi ma ya ji. Ya ɗago ya dube ni.

Sai ya ɗaga murya ya ci gaba da addu'a, hannunsa na nan a wurin, bai ƙara dannawa ba.