Tsuntsu a Cikin Alkyabba

Ni Buzid, duk unguwarmu a Annaba an san ba ni da wasa, kuma ban yarda da lambun da ba a cire ko albasa a cikinsa ba. Ranar da Wahiba ungozoma ta tara mu a ƙofar bene ta ce za a gyara filin da ke bayan gidajenmu, ni na fara ɗaga sanda na ce na yarda. Filin na hukuma ne. Tun ina da haƙora ake cewa za a yi gini a kansa, ya zama makwancin tsofaffin katifu da tayoyi da kyanwoyi.

"Wake a gabas, tumatir a yamma," na ce.

"Ammi Buzid, ba mu za mu ci ba," in ji Wahiba, Ammi kuwa a bakinmu baffa ke nan. "Na tsuntsaye ne da ƙudan zuma da bushiya. Ƙaya za mu shuka."

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina yaƙi da ƙaya a gonar ubana, har yau shaidarta na tafin hannuna! Na buɗe baki zan kawo mata maganar magabata, ta ce in riƙe ta sai an gama kwashe shara. Matar da ta yanke cibiyar rabin unguwa ba ta tsoron sandar kowa.

Suka kwashe, suka haƙa ɗan tafki, suka tara duwatsu don ƙadangaru. Nawa aikin shi ne in zauna a kan taya ina gaya musu ba haka ake riƙe fartanya ba. Ƙayar ta fito, ta yi fure, ta yi ƙwaya. Sai ga tsuntsayen maknin sun sauko.

Maknin ɗin nan mai jar fuska da ratsin rawaya a fiffike, son da muke yi masa ne ya ƙarar da shi a duwatsunmu. Kowane magidanci da kejinsa, da safe a ɗauka a kai shagon gahawa a ɗora a tebur, a yi ta gardamar na wa ya fi murya. Nawa sunansa Basha. In ya fara, har masu buga domino dakatawa suke yi. Aibinsa ɗaya, a ƙarshen kowace waƙa sai ya yi fito irin na butar shayin matata Yamina, don kusa da kicin ake rataye shi. Amma tun da ya sake gashi bara, Basha ya yi gum. Yana ci, yana sha, yana kallona kamar ni na yi masa laifi.

"Ammi, yau ma ka kawo mana beben?" Si Tayib mai aski ke nan, kullum. "Kunna masa waƙar maknin a waya mana, kowa haka yake yi."

"Tsuntsuna ba ya karatu a wurin waya," na ce. Na shanye gahawata da ɗaci.

Da labari ya bazu cewa maknin na sauka a filinmu, sai masu danƙo suka fara kewaya. Dabararsu kowa ya sani: a ajiye na keji ya yi kira, na daji su sauko su manne. Aka nemi mai gadi mai murtukakkiyar fuska, ba a yi dogon nema ba. A gaban jama'a na buga sanda a ƙasa na kafa doka: duk kejin da ya shiga filin nan, a nan za a buɗe ƙofarsa, ko na wane ne. Na zartar da ita a kan wani direban tasi, yana roƙona ina kallon sama.

To, abin da kowane tsoho ya sani shi ne, maknin da ya yi shiru ba abin da ke buɗe masa maƙogwaro kamar jin 'yan'uwansa na daji. Ga su nan suna rerawa a kaina kowace safiya, ga Basha a gida kamar dutse. Wata safiya bayan sallah na saka shi a ƙaramin keji, na ɗaura a cikina, na yafa alkyabbata ta ulu.

"Alkyabba a wannan zafin?" in ji Yamina.

"Sanyi nake ji."

"Sanyin naka yana motsi. Buzid, kai ka kafa dokar nan fa."

"Doka don masu danƙo ce."

"Ba haka ka faɗa ba," ta ce, ta koma kan butarta.

Na kwana biyu ina wannan zirga-zirgar. In zauna a inuwa kusa da ƙaya, in ɗan ɗaga gefen alkyabba don iska ta shiga, gumi na bin gemuna. Mata suka fara aiko min da tafasasshen ganye, wai zazzaɓi ya kama Ammi. Ina karɓa ina godiya. Basha ko tari bai yi ba.

Ranar da abin ya faru, Wahiba da wasu maƙwabta suna ban ruwa, sai na hango Si Tayib jingine da shinge, kejinsa a hannu, rabinsa ya leƙo ciki. Raina ya yi fari. Na miƙe, na manta da abin da ke ɗaure a cikina.

"Si Tayib! Da furfurarka?"

"Ammi, wucewa nake yi. Ƙafata na waje."

"Kejin fa? Mutum ya san doka ya zo yana shafa gefenta! Irinku ne suka mayar da duwatsunmu kufai. Ba kunya, ba tsoron Allah, a ɗauki halitta mai fiffike a..."

A nan Basha ya ga dama.

Daga ƙarƙashin alkyabbata waƙa ta tashi, tas, doguwa, irin wadda ban ji ba tun bara. Ta hau, ta sauko, ta kewaya. Masu ban ruwa suka tsaya. Na yi tari don in rufe, na ƙara yin wani. Sai ya rufe da fiton butar Yamina, wanda ko jariran unguwa sun san na wane ne.

"Ammi Buzid," in ji Wahiba, tana goge hannu a zane, "na ga ciki iri-iri a aikina, amma mai waƙa yau na fara gani. Zo in duba, ko haihuwa ta zo."

Si Tayib ya zauna a ƙasa don dariya. "Ci gaba da wa'azin, Ammi, ka tsaya a kan halitta mai fiffike!"

Na fito da kejin. Basha ya karkaɗe jiki ya sake kama wata waƙar, kamar ya ga taron biki. A ranar da ya dawo min, a ranar dokata ta hau kansa.

Da Si Tayib ya gama share hawaye sai ya ce, "A bar masa, jama'a. Tsoho ne, shi ke nan abin hirarsa." Wahiba ta kawar da kai, alamar ba ta ga komai ba. Da zagina suka yi da ya fi min sauƙi. Na tuna fuskar direban tasin nan. Na zare sakatar da hannuna.

Na ɗauka zai yi jinkiri, ko ya dube ni saboda shekarun da na yi ina hura masa ƙaiƙayi daga abinci. Ya yi tsalle ɗaya zuwa bakin ƙofa, na biyu yana kan ƙaya yana cusa baki cikin ƙwaya. Da garken ya tashi ya bi su, ko waiwaye.

Kejin yanzu Yamina na ajiye tafarnuwa a ciki. A shagon gahawa teburina ba komai sai kofi. Amma da bazara ta zagayo, ina zaune a bakin aikina, sai na ji fiton buta daga cikin ƙaya. Kafin in juya, wani ya amsa daga kan shinge, ƙarami, ko jan fuska bai yi ba.

Na aika aka kira Si Tayib. Ya tsaya ya kasa kunne, aska a hannu.

"Shi ke nan," ya ce, "ka lalata waƙar maknin ɗin Annaba kaf. Jikokinmu za su ɗauka haka Allah ya halicce shi, yana tafasa."

Na ce ya ja da baya, ƙafarsa na taka min ƙaya.