Awarwaron da Ka Sa Aka Yanke

Bhupat Sorathiya, kai ka sa aka yanke mini awarwaron aure alhali mijina yana numfashi, kuma ka san ƙarya kake yi mini a lokacin da kake riƙe da hannuna. Ni ce Kanku, matar Ranchhod Makwana ta unguwar Odhav, wadda ka yi shekara talatin da huɗu kana kira Yaya. Ban iya rubutu ba, wannan ka fi kowa sani. Mai buga takardu na bakin ofishin ƙwadago ne yake buga mini, na kuma ce masa kada ya sassauta mini kalma ko ɗaya.

Ka manta rumfar kwanon da ke bayan gidan babanka? Mu shida ne mata, zaune a kan tabarma, muna liƙa wayoyin rediyo da dalma, hayaƙi na cin idanunmu. Ni ka fara ɗauka. Da kanka kake kawo mana shayi a buta. Daga rediyo muka koma talabijin, daga nan mitar wuta, daga nan cajar waya, har ma'aikata suka kai dubu biyu. Duk yarinyar da ta riƙe ƙarfen dalma a kamfanin nan, ko ni na koya mata, ko wadda na koya wa. A shekarar farko, ranar rakhi, da kowace mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu shi kuma ya yi alkawarin tsare ta, na ga hannunka ba komai. Ka ce ba ka da 'yar'uwa. Na fita na sayo zare na ɗaura maka. Ka sunkuya ka taɓa ƙafata ka ce, "Yaya, daga yau abin da ya taɓa ki ya taɓa ni." Ban taɓa fashin shekara ba.

Shekara uku da suka wuce, bayan bikin Diwali, ka tara mu a filin kamfani. Ka ɗaga ɗan baƙin abin nan da suke kira cip, wanda bai kai ƙwayar wake ba, wanda muke sayowa daga waje muna liƙawa. Ka ce ƙasa ta gaji da jiran jirgin wasu ya kawo shi, ka samu fili a garin Sanand, za a riƙa yin sa a gida.

Madhu, ƙawata tun zamanin rumfa, ta ɗaga murya. "To mu tsofaffin fa, Bhupat? Ko za ka jera mu a kanta tare da rediyon farko, baƙi su zo kallo?"

Kowa ya yi dariya, har da kai.

"Ku shidan nan ku za ku fara shiga," ka ce. "Ba wanda zai taka ƙofar kafin Yaya Kanku."

Na ce, "Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?"

Ka ce, "Hannunki ne takardarki, Yaya."

Bara da damina ɗanka Nirav, wanda ka damƙa wa sabuwar masana'antar, ya aiko da dokokin ɗakin aiki. Wai ƙura ɗaya tana kashe cip. Ba hoda, ba kwalli, ba fure a gashi, ba jan garin tsagar kai, ba zobe, ba awarwaro. Madhu ta ce saura su ce a bar numfashi a bakin ƙofa. Sauran matan awarwaron gilashi suke sawa, su zare da safe su mayar da yamma. Nawa ba haka yake ba. Na hauren giwa ne, guda biyu, an rina su ja, ƙanen uwata ya sa mini ranar aure shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, lokacin hannuna kamar kara. Hannu ya yi ƙiba, gaɓoɓi sun kumbura da aikinka. Na gwada sabulu, na gwada man ridi, na gwada leda, har fata ta saɓule. Ba su fita ba.

Ranar rakhi na zo gidanka da zare da alewa kamar kullum. Bayan na ɗaura maka, na nuna maka hannuna. Ka riƙe shi, ka juya awarwaron da babban yatsanka.

Na ce, "Ƙanena, ka san wace mace ake cire wa wannan: sai wadda mijinta ya mutu."

Ka ce, "Tsohon zance ne, Yaya. Ki sa a yanke. Ranar buɗewa ina so ki tsaya a gaba, kuma wurinki yana nan yana jiranki."

Da zarena a hannunka ka faɗi haka, alewata a bakinka.

Na koma gida na gaya wa Ranchhod. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake ciyar da gidan, ya san haka. Ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi. "Ke Kanku, a cikin awarwaron nake zaune? Je ki yanke, in kin dawo kika tarar na mutu, sai ki ce dama." Ya faɗa, sannan ya juya fuskarsa bango, bai ci abincin rana ba.

Tsoho Gulam mai awarwaro, da na miƙa masa hannu na ce ya yanke, sai ya tashi tsaye. "Innalillahi! Yaushe Ranchhod ya rasu ban ji ba?"

"Yana gida yana shan shayi."

Ya ajiye ɗan zartonsa. "Kanku, ubana bai taɓa yin wannan ba, ni ma ban taɓa ba. Je ki kwana da maganar."

Na ce ɗan'uwana ya yi mini alkawari. Ya yanke, ya ƙi karɓar ko rupi ɗaya. Ya ƙulle mini guntayen a jarida.

Ranar buɗewa mota ta ɗauke mu shida zuwa Sanand. Aka zura mu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, har da safar hannu, ido kawai a waje. Madhu ta ce mun zama buhunan gari. Aka ɗora mini faranti cike da cip, aka tsayar da ni tsakaninka da minista, masu hoto suka yi ta haska mu. Ka gaya wa jama'a cewa hannun da ya haɗa rediyonka na farko shi zai haɗa cip ɗin ƙasa na farko. Na yi kuka cikin hular nan, ba wanda ya gani.

Ranar Litinin muka dawo da kwanukan abincinmu. Ƙofa ta ƙi buɗewa da katinmu. Wata yarinya daga ofis ta fito da takarda, ba ta iya kallon idona ba.

"Mama, sunayenku ba sa ciki. Sai mai takardar kwaleji ke shiga ɗakin aiki. Ku baƙin ranar buɗewa ne."

Na ce, "Aikin Nirav ne. Kira mini ubansa."

"Mai gida ne ya sa hannu, Mama. Ga shi nan, tun watan Yuni."

Na ce ta sake faɗin watan. Ta sake. Rakhi a watan Agusta yake, Bhupat. Wata biyu cif da sa hannunka ka riƙe hannuna ka ce in yanke. Hoto kake so, safar hannun kuma ba ta shiga kan awarwaro.

Tsohon wurin aikinmu na Odhav ka riga ka cika shi da injuna, aka sallame mu shida a mako guda. Wannan ban zo maganarsa yau ba. Hotona na ranar buɗewa har yanzu yana kan allon talla a babbar hanya, ya fi gidana tsawo. Amma a unguwarmu ni ce matar da ta gaji da jinyar mijinta har ta yi masa takaba tun yana raye. Na sayi na gilashi na sa, a banza, ido ya riga ya gani. A bikin jikata Hetal, da na ɗauki ƙwaryar kurkur zan shafa wa amarya, ƙanwar mijina ta karɓe ta daga hannuna a gaban mata. "Ba da wannan hannun ba," ta ce. Hetal, wadda na goya, ta sunkuyar da kai. Ranchhod yana jin komai daga kan gadonsa.

Na je ofishinka sau bakwai, kullum kana taro. Ka aiko direbanka da kwalin alewa da awarwaron zinariya. Na mayar. Ba zinariya aka yanke mini ba.

Saura kwana tara rakhi. Bana ba zan zo gidanka ba, kai za ka zo nawa. Ka bar motarka a bakin titi, ka tako layinmu da ƙafarka da rana tsaka, lokacin da mata ke bakin famfo. Ka tsaya a gaban gadon Ranchhod, ƙanwarsa na nan, Gulam na nan, Madhu na nan, guntayen hauren suna kan jarida a tsakaninmu. Ka faɗa da bakinka wa ya ce in yanke, da abin da ka riga ka sa wa hannu a ranar. Zare talatin da huɗu na ɗaura maka, Bhupat Sorathiya. Zo ka amsa.