Kawandin Jinjira Ta Biyu

Ina tsugune a bakin murhu ina dama kunun shinkafa sai ga Bastiyan ya faɗo gida, ya jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ɗana ne na fari, kuma tun yana ƙarami bai iya soma magana daga farkonta ba. Tun makon jiya ya kai matarsa Terezin asibitin garin Yallapur, don in damina ta kankama rafinmu ba ya hayuwa da mai naƙuda.

"Awwa, biyu," in ji shi. Haka ake kiran uwa a wajenmu.

"Biyu me? Kwalba biyu ka sha a hanya?"

"'Ya'ya biyu. Duk mata. Terezin lafiya lau. Jibi za a sallamo su."

Na saki ludayi a cikin tukunya. Ban san sa'ad da na fita tsakar gida ina juyi cikin ruwa ba, ni da ciwon gwiwa ke hana ni zuwa coci. Mijina Juje ya sauko da gangarsa daga jikin bango. Maƙwabciyarmu Mumtajbi ta tsallako shinge tana tambayar ko gobara ce. Na yi murna har sai da na yi kuka.

Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Surukata Kitera, uwar Juje, wadda duk ƙauyen ke kira Ajji, wato Kaka, tana zaune a baranda da kawandi a kan cinyarta, wato abin shimfiɗa da lulluɓa na faci-faci da ta ɗinka wa jinjirin. Duk bazara ta yi tana fama da shi, da ido mai hazo da yatsun da suka ƙage, faci bayan faci, daga gefe tana zagayowa zuwa tsakiya. Ranar Lahadi ta ciyar da shi, ta zuba ƙwayoyin shinkafa a cikinsa ta rufe da facin ƙarshe.

"Biyu ka ce?"

"Biyu, Ajji. Ɗaya tuɓul-tuɓul. Ta biyun kuwa 'yar firit, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. An ce kada a bari ta sha sanyi."

"Kawandi ɗaya ne," in ji Ajji.

Ganga ta yi shiru. A gidanmu ba a kwantar da jinjiri a kan shimfiɗar wani. Wanda ya iso duniya ya tarar ba a ɗinka masa ba, tamkar an ce masa ba a gayyace shi ba ne. Ta fari ta riga ta ci wannan, ƙaramar ce za ta shigo gidan ubanta kamar baƙuwa.

"A raba shi biyu mana," in ji Juje. "Ai ƙanana ne. Ga almakashi."

Ajji ta dube shi daga sama har ƙasa. "Cikinsa ɗaya ne, sakarai. In ka yanka, wa za ta samu shinkafar, wa za ta kwana da yunwa? Anya ni na haife ka?"

Bastiyan ya ce ya ga bargo mai laushi a kasuwar Yallapur.

"Bargon da bai taɓa jikin kowa namu ba? Ka lulluɓe akuyarka da shi."

Sannan ta juyo kaina. Tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa yarda na sa allura a aikinta ba. Wai ɗinkina kamar sawun kaza a taɓo. Maganar ta daɗe tana ci mini rai, kuma har gobe ba gaskiya ba ce.

"Pilomin, wanke hannunki. Ke ɗinki, ni ninki."

"Da sawun kazar, Ajji?"

"Kaza ma in ta hango shaho takan miƙe hanya. Tashi."

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to mu dai mun fafe. Kawandin farko ya cinye duk tsummokaran gidan. Tsofaffin kawandi kam ga su ko'ina: na kwanciya, da wanda ke rataye a ƙofa yana tare feshin ruwa, da na shanyar barkono, da mai kyawun da ake shimfiɗa wa fadan coci in ya zo. Amma wanda aka ciyar ba a warware shi. Sai muka faɗa wa kayan jiki. Na tuɓe wa Juje rigarsa ruwan ƙwai yana tsaye.

"Da ita fa nake zuwa kasuwa."

"Kasuwa ta gaji da ganinta. Ɗaga hannu."

Muka tono wandon makarantar Bastiyan, da wata rigar Terezin mai furanni, da ɗankwalina na zuwa gona. Mumtajbi ta koma gida a guje ta dawo da koren mayafinta. "Akka, yayata, ki sa shi a gefe," ta ce da ni, "don yarinyar ta san tana da kaka a ƙetaren shinge." Kafin azahar baranda ta cika da ƙyallaye, kowa na yanka, kowa na surutu, kunu ya ƙone ba wanda ya ji ƙauri.

Sai da na zare allura na tuna ba mu da ƙyallen baya. Kawandi sai da tsohon sari na auduga, dogon zanen nan da mu mata ke ɗaurawa, wanda wanki ya tausasa, a kansa ake jera faci. Nawa na audugar ya tafi a na farko. Sauran biyun masu santsi ne irin na yanzu, zare ba ya zama a jikinsu. Na Mumtajbi ma haka. Na zauna riƙe da allura kamar wawiya.

Ajji ta dafa bango ta miƙe. Muka ji ƙarar akwatinta na ƙarfe. Ta fito da jan sari na auduga mai bakin zinariya, ta warware shi a kan tabarma, ƙamshin ganyen darbejiya ya tashi. Duk mun san shi. Da shi aka ɗaura aurenta, kuma duk shekara sai ta fito da shi ta shanya, ta maimaita mana cewa da shi za mu binne ta.

"Awwa, wannan kam a'a," in ji Juje.

"Da kai nake magana?"

"Ajji," na ce, "to ke fa? Da me za mu naɗe ki?"

"Da abin da hannunku ya kai. Ni can ba zan ji sanyi ba. Ita tana ji." Ta miƙo mini almakashi. "Yanka. Hannuna ba zai iya ba."

Na yanka, ina kallon almakashin ta cikin hawaye.

Daga nan ba wanda ya ƙara zaman banza. Ajji na ninke bakin faci tana miƙo mini, Mumtajbi na zura farin zare a allurai, ni kuwa ina zagaye, ina zagaye, har yatsana ya fashe na ɗaure shi da tsumma. Juje ya yi girki, ba a dai cewa komai. Ajji ta naɗa 'yan furanni na ƙyalle a kusurwa huɗu, don kawandin da ba fure tsirara yake. Sau ɗaya ta shafa ɗinkina da babban yatsa, ba ta ce uffan ba. Na fi jin daɗin shirun nan da yabon duk ƙauyen.

Ranar da za su iso, saura buɗaɗɗen wuri kamar bakin kofi a tsakiya muka ji ƙugin motar haya a bakin hanya. Ajji ta tare ƙofa da sandarta.

"Ku tsaya nan."

"Ajji, ruwa ake yi," in ji Bastiyan, yana riƙe da lema a kan Terezin da jarirai.

"Lemar ta ado ce? Pilomin, shinkafa."

Na ɗebo a tafin hannu na miƙa mata. Ta ture hannuna zuwa ga kawandin. "Wadda ta ɗinka ita ke ciyarwa." Na zuba, na ɗora facin ƙarshe, na rufe, na datse zaren da haƙori.

Suka shigo. Muka kwantar da babbar a kan nata, ta cika gidan da tsala kuka. Ƙaramar kuwa, da aka ɗora ta, sai ta miƙa ƙafa ɗaya, ta damƙe wani ɗan faci ruwan ƙwai, ta yi barci. Juje ya sake ɗauko ganga, Mumtajbi ta rangaɗa guɗa, ni da Terezin muna dariya muna share ido.

Ajji ta daɗe tana kallon yarinyar. Can ta taɓa Bastiyan da sanda.

"Jawo akwatin nan nawa, ka zuba kayan yaran a ciki. Ba komai a cikinsa yanzu."