Kada a Faɗa wa Saif Sai an Tashi Wasa

"Ka rantse min, Haladu."

Hannun Balarabe ya koma kamar kara, amma riƙon da ya yi wa maƙwabcinsa sai da ya bar sawu. Hantsi bai gama ɗagawa ba a unguwar Ƙurban ta Madina. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta kuka a jikin taga, a ƙasa kuma mai sayar da gas yana wucewa yana ƙwanƙwasa tukwanensa.

"Rantsuwar me kuma, ya shaihi? Kwanta ka huta."

"In na tafi yau, kada a faɗa wa Saif sai an tashi wasa. A sallace ni a Harami da la'asar, a sa ni a Baƙi'a. Ban yarda a ajiye ni a firjin asibiti ina jiran jirgi ba."

Sundus, 'yarsa da aka haifa nan Madina, tana tsaye bakin ƙofa da kofin zamzam. Kullum Hausa take ji ta amsa da Larabci, amma ranar ta tattaro 'yar wadda take da ita.

"Baba, haram alaik. Ɗanka ne fa."

"Shi ya sa," in ji shi.

Haladu tsohon direban bas ne, kakanninsa da ƙafa suka zo daga Damagaram. Ƙwallo ba ta taɓa damunsa ba, amma zama ƙofa da ƙofa da Balarabe ya sa ya san ƙauyen Birkenrode na Jamus kamar can aka yanke masa cibiya. Ya sha labarin har ya ƙoshi. Balarabe ya je can koyon aikin lantarki yana saurayi daga Kano. Ƙungiyar ƙauyen tana rukuni na tara lokacin, inda babu sauran ƙasa da za a faɗa. Filin jar tsakuwa ne, mai gidan burodi ne gola, 'yan kallo kuwa in aka cire kare ba su kai 'yan wasa yawa ba. Wata Lahadi mutum ɗaya bai zo ba, suka hango baƙo a bayan shinge yana rawar sanyi, suka yafito shi. Da takalmin aiki ya buga. Daga baya shi ya ja musu wayar fitilun filin da hannunsa.

Ya yi aure can, aka haifi Saif, auren ya mutu. Da aiki ya samu a Madina sai ya tattaro ya taho, da niyya guda a ransa, ya mutu a garin Manzo. Yaron ya tashi wajen uwarsa, a bakin wannan filin. Ya buga har gwiwa ta ci amanarsa, ya koma koci, ya riƙa jan ƙungiyar mataki mataki. Aka shimfiɗa ciyawa, aka gina rumfunan zama. Yau ne wasan ƙarshe. In suka ci, sun shiga rukuni na uku, inda ƙwallo take zama sana'a.

"Na baro shi bai ma iya ɗaura takalmi ba," Balarabe ya ce, numfashinsa yana yankewa. "Wannan kaɗai ya gina da kansa. In ya ji, zai bar su ya hau jirgi. Ba zan mutu kuma in ƙwace masa ba."

Haladu ya rantse. Bai so ba, amma wa zai yi musu da mutumin da idonsa ya riga ya fara kallon wani wuri? Kafin rana ta take, Balarabe ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Daga nan sai zirga-zirga. Likita, asibiti, sa hannu, wurin wanka. Maƙwabta suka cika matakalar bene da takalma, mata suka kewaye uwar Sundus a falo. Da Haladu ya dawo ɗaukar ƙanin matar mamacin, Sundus ta tare shi a kan matakala da Larabcinta, idanunta sun kumbura.

"Ya ammi, ka kira shi. Kwana ɗaya kawai a jira."

"Na rantse, 'yata."

"A Baƙi'a babu suna a kan kabari. Ni mace ce, ba zan shiga ba. Shi kuma bai zo ba. To wa zai san inda Baba yake?"

Maganar ta soke shi.

"Ni zan sani," ya ce. "Wallahi zan riƙe wurin. Ranar da ya zo, ni zan kai shi."

Tana sakinsa wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Saif ne. Haladu ya so ya bar ta ta gaji, sai dai yatsansa ya riga shi. Ana jin ganguna da waƙar 'yan kallo a bayansa.

"Kawu Haladu, wayar Baba a kashe." Hausarsa a karye take, ta ɗan hutun makaranta. "Yaya jiki nasa? Zai kalla?"

"Da sauƙi. Za mu kunna masa."

"Ka ce masa fitilu nasa har yanzu suna aiki."

"Zan faɗa."

Tsawon rayuwarsa Haladu bai taɓa yin ƙarya mai ɗaci irin wannan ba. Ya ji ya tsani ƙwallo, ya tsani Jamus, har shi kansa mamacin sai da ya ji haushinsa, sannan ya yi istigfari.

Bayan sallar la'asar aka yi kiran sallar gawa. Ba Balarabe kaɗai ba ne, makara da yawa aka jera, har da ta jariri. Liman yana sallamewa jama'a suka yi caa, kowa yana neman ladan ɗauka. Mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suka karɓe shi kafaɗa zuwa kafaɗa, suna sauri. Haladu ya bi da gwiwoyinsa na tsufa, yana haki, idonsa a kan makarar kada ta ɓace masa.

Ya isa Baƙi'a ana zura shi a kabari. Ya watsa ƙasa da hannunsa, ya yi addu'a, sannan ya ɗaga kai yana neman alama. Ga shinge can, ga wani dogon otal a bayansa. Yana cikin auna su da ido wata makarar ta iso, turereniya ta kwashe shi ta yi gaba da shi. Ya taya su addu'a su ma, don babu yadda zai yi.

A nan wayar ta sake ruri. Ya ja gefe ya ɗauka. Ihu ne ya fara cika masa kunne, kamar ƙauyen duka ya shigo cikin wayar.

"Kawu! Mun ci! Mun hau! Ba Baba waya, ba shi!"

Haladu ya buɗe baki, ya juya wajen da ya baro Balarabe. Sabbin kaburbura ne a jere, ƙasarsu ɗanya iri ɗaya, kowanne da ɗan dutse marar rubutu a kansa. Otal ɗin yana bayan dukansu. Ya dubi na uku, ya dubi na huɗu, ya sake komawa na uku.

"Kawu? Kana ji na?"

Jama'a sun fara watsewa. Tattabaru suka sauko suna tafiya a tsakanin kaburburan.